Zuciyar Ustaz Nayif Ƙalau Take

"Yaya Akif ya ce ba zai ba ni gawa ta biyu ba."

Haka Rudaina ta faɗa mini a kan matakalar bayan ɗakin gwajin jini inda take aiki, tana riƙe da rabin gurasar da ta kasa ci. Gawa ta farko mijinta ne, Allah ya jiƙansa, wanda ciwon zuciya ya kwantar shekara shida kafin ya ɗauke shi. Gawa ta biyun ni ne. Ina tsaye a gabanta da sabon aski, ina ƙamshin turare.

Na ce, "Ki gaishe shi. Ki ce gawar ta gode."

"Ba wasa nake yi ba, Nayif."

Na san ba wasa take yi ba. Saura kwana huɗu tawagarmu ta je neman aurenta. Baffana ya riga ya gayyaci maza talatin, Umma ta sa a yi kunafa, kayan zaƙin biki, tire biyar.

Shekarata arba'in da bakwai, ina koyar da labarin ƙasa a makarantar maza a nan birnin Irbid, kuma ban taɓa aure ba. Duk unguwarmu an san ina da ciwon zuciya. Motar asibiti ta tsaya a ƙofarmu sau bakwai, har maƙwabta sun iya matsar da motocinsu tun kafin ta shigo layi. Waɗanda suka san zuciyata ƙalau take su ne likitoci goma sha ɗaya, sai Rudaina, domin ita take buga sakamakon.

Abin ya faro shekara tara da suka wuce. Babana ya rasu a gabana, hannunsa cikin tiren mansaf, shinkafa da naman rago, ya dunƙula loma yana tsakiyar zagin masu matsar man zaitun. Ban yi kuka ba. Mutane suka yaba, suka ce Nayif namiji ne. Bayan sadakar arba'in ina zana kogi a allo, sai wani abu ya damƙe mini ƙirji, hannun hagu ya mutu, gwiwoyina suka ajiye aiki. A asibiti aka duba komai, aka ce in koma gida.

Da maƙwabciya ta leƙo tambaya, Umma ta ce, "Zuciya ce, irin ta babansa."

Ban gyara mata ba. Ciwon zuciya ciwo ne mai mutunci. Ana tashi a ba ka kujera, shugaban makaranta ya cire ka daga tsayuwar safe, mata su aiko da miya marar gishiri. Ni kuma na ci gaba da yawon neman abin da zai tabbatar da maganar Umma. Na tara hotunan ƙirji da na ciki da na gwiwa cikin wata jakar leda, har hannunta ya tsinke na ɗaure da igiya.

A wannan yawon na haɗu da Rudaina. Karo na goma sha wani abu da na je karɓar sakamako, ta miƙo mini ambulan ta ce, "Ustaz, jininka ya fi nawa kyau. Don Allah ka bar ɗan kaɗan a jikinka." A bayan ambulan ɗin ta rubuta sunan wata likita a Amman. Wata takwas ke nan duk Talata ina hawa bas in je wurinta. A gida na ce babban likitan zuciya ne.

"Ki nuna wa Akif takardun mana," na ce. "Ke kika buga su da hannunki."

"Na nuna masa. Cewa ya yi dalili ke nan da ba zai yarda da su ba. Ya ce in ma gaskiya ne, to mutumin maƙaryaci ne, shekara tara yana cin tausayin jama'a."

"Wato in ba ni da lafiya ba zai ba ni ba, in ina da lafiya ma ba zai ba ni ba."

Ta ce, "Akwai na uku."

"Na ukun ba a faɗarsa a gaban maza."

Ta ajiye gurasar a kan cinyarta. "Mahaifiyar Fawwaz ta zo gidanmu sau biyu makon nan."

Fawwaz ɗan baffanta ne. Ya rabu da matarsa bara, yana da motocin sanyi uku masu ɗauko tumatir daga kwari, yana cinye kaza guda shi kaɗai. An ce tunda aka haife shi bai taɓa ciwon kai ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar ya san dalili.

"To me kike so in ce musu? In miƙe in ce jama'a ku yi haƙuri, mahaukaci ne ya zo neman 'yarku?"

"Ka faɗi abin da likitar ta faɗa maka."

"Rudaina, ina da 'yar'uwa mai 'yan mata uku a gida."

"Ni kuma ina da shekara shida a bayana!"

Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ta sa gefen mayafinta ta toshe baki, amma kukan ya riga ya fito.

"Ka san yadda ake wa mai ciwon zuciya wanka? Ka san yadda ake ɗaga namiji daga gado a kai shi banɗaki, yana ba ki haƙuri a kunne? Kullum sai na sa hannu a hancinsa in ji ko yana numfashi. Mata su cika ɗaki suna ce mini sannu, sannu, Allah ya ba da lada. Na yi wannan da gaske, Nayif. Ba zan shiga gidanku in yi shi da wasa ba. Ba zan zauna kusa da mahaifiyarka ina karɓar jajen ciwon da na san babu shi ba."

"Ciwon yana nan," na ce. Muryata ta fito ƙarama, kamar ta ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Na sani. Wallahi na sani. Na ga fuskarka ran da ya kama ka a gaban teburina, ba mai iya ƙirƙirar wannan zufar. Ba ciwonka nake tsoro ba. Sunan da kuka sa masa nake tsoro, don da wannan sunan na binne mutum."

Na zauna mataki biyu ƙasa da ita. Na so in riƙe hannunta, na tuna akwai taga a sama.

"In na faɗa kuma suka ƙi fa?"

"To sun ƙi mutumin da na sani. Yanzu wani suke ƙi, wanda ko ni ba zan aura ba."

Ta share ido, ta miƙe, ta kakkaɓe siket ɗinta. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ran Juma'a zan tsaya bayan labule. Ina jin komai daga nan."

*

Likitar Amman mace ce gajera mai farin gashi, ba ta da abin awo ko ɗaya a ofishinta sai kwalin tishu. Ran farko na ɗora mata jakata a kan tebur, ta dube ta kamar na kawo mata mushe.

Na ce, "Dakta, in ƙarya nake yi ki faɗa mini, in huta."

Ta ce, "Ba ƙarya kake yi ba. Zafin da kake ji zafi ne, mutuwar hannun ma haka. Ka taɓa ganin gidan da aka sa wa ƙararrawar ɓarayi, kyanwa ta gitta ta tashi unguwa? Ƙarar gaskiya ce, ta hana kowa barci. Ɓarawon ne babu."

"To a cire ƙararrawar."

"Ba a cire ta, da ita ake rayuwa. Koya mata ake yi. Duk lokacin da ka taɓa wuyanka kana ƙirga bugun jini, duk gwajin da ka ƙara, gaya mata kake yi tana da gaskiya. Daga yau likita ɗaya. Gwaji sai shi ya nema. In abin ya zo ka zauna, ka ja numfashi a hankali, ka bar shi ya yi abinsa ya wuce. Zai wuce, amma ba da umarninka ba. Yanzu ba ni labarin babanka."

Na ce babana ba shi da alaƙa da ƙirjina. Bayan minti goma na gane amfanin kwalin tishun.

A wata takwas motar asibiti ba ta zo ƙofarmu ko sau ɗaya ba. Abin yana zuwa, amma ya rage zuwa, kamar ɗan'uwan da ya gane an daina yanka masa kaza. Umma ta ce hannun babban likitan zuciya yana da albarka.

Ran Laraba da rana na tarar da ita tana naɗe shinkafa a ganyen inabi a tsakar gida. Baffa Abu Hayil, ƙanin babana, yana zaune da carbinsa yana jera sunayen waɗanda za su shiga motar gaba. Shi ne bakinmu a duk neman aure da sulhu. Ya sha alfahari cewa sau sittin ya ajiye kofin gahawa a gidan mutane, kuma sau sittin aka biya masa buƙata ya ɗauka ya sha.

Na gaya musu komai a tsaye, don na san in na zauna ba zan iya ba.

Umma ba ta daina naɗi ba sai da na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Wace irin likita?"

"Ta ƙwaƙwalwa, Umma."

"Mace?"

"Mace."

"Kana zuwa kana gaya wa wata mace sirrin gidanmu, kuma kai kake biyan kuɗin bas?"

Baffa ya ce, "Wa ya sani?"

"Rudaina."

"Sai wa?"

"Sai ku."

"Alhamdu lillahi. To ba a yi komai ba." Ya ci gaba da jan carbi. "Ran Juma'a zan ce ciwon zuciya ne ka yi, babban likita ya duba ka, ka warke sarai. Wannan yaron Akif ba zai ƙaryata ni a gaban ubansa ba."

"Ta ce in faɗi gaskiya, Baffa."

"Ta ce! Tun ba ta shigo ba ta fara cewa? Kai, ɗan ɗan'uwana, ango ba ya magana a tawaga. Zama yake yi, ya sunkuyar da kai, ya yi kamar yana jin kunya. Ko a shekarunka za ka iya wannan."

Sai Umma ta ture tiren gefe, hawaye suka zubo.

"Nayif, ka dubi Allah ka dubi 'yar'uwarka Intisar. 'Ya'yanta uku, babbar an fara tambaya. Wa zai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da kawun yara ke zuwa wurin likitan mahaukata? Za su ce a jini yake. Za su ce daga wajen uwa ne. Shekara tara ina rufa maka asiri da sunan babanka, yau za ka yaye don wata bazawara?"

Na ce, "Ashe kin sani."

"Ni na haife ka. Babanka bai taɓa cewa ƙirjina ba sai da ya faɗi. Kai kullum cewa kake yi, kuma kullum kana nan."

Ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo kaina. Wayyo bayan wuyana. Abu Hayil, miƙo mini maganin nan."

A gidanmu ba wanda ya taɓa cewa raina ya ɓaci. Umma takan ce wuyanta, Intisar takan ce cikinta, kaka kuwa ƙafa ce ta riƙe ta tun ran da aka kai kawuna soja har ran da ya dawo. Ni dai na fi su ƙwazo ne kawai, na kai abin har asibiti.

Na kawo mata ruwa. Ta riƙe wuyan hannuna.

"Ka rantse mini ba za ka buɗe baki ba."

Na ce, "Sha maganin, Umma."

*

Bayan la'asar ran Juma'a muka isa gidan Abu Akif, mahaifin Rudaina, da mota tara. An shimfiɗa zauren baƙi, mazansu sun jeru a gefe guda, muka jeru a ɗaya gefen. Tsohon yana tsakiya da sandarsa, shekara tamanin da ɗoriya, kunne ɗaya ya tafi, ɗayan yana haɗa kaya. Akif yana damansa, fuska a ɗaure. Fawwaz yana can kusa da ƙofa ya cika kujera, ya gaishe ni da murmushi ya ce, "Ya jiki, Ustaz?"

A ƙarshen zauren akwai ƙofar da ke shiga cikin gida, da koren labule. Ban sake kallon wajen ba.

Aka zuba gahawa aka miƙa wa Baffa. Ya karɓa, ya ajiye kofin a kan tebur bai kai baki ba. Ya miƙe ya yi salati, ya yabi gidan tun daga kakan kakansu, ya yabi namu kaɗan, sannan ya ce mun zo neman 'yarsu Rudaina ga ɗanmu Nayif, kuma ba za mu sha gahawarsu ba sai sun biya mana buƙata.

A nan mai gida yakan ce ku sha, abin da kuka zo nema kun samu. Ana gama magana tun kafin a zo, zuwan ado ne kawai.

Akif ya ce, "Kun zo gidanku, Abu Hayil. Amma ina da tambaya ɗaya."

Wani a gefenmu ya yi tari.

"Ƙanwata ta yi jinya shekara shida. Ni na ɗauki gawar mijinta a kafaɗata. Ba zan sake kai ta gidan jinya ba. Mutumin nan, me ke damunsa?"

Baffa ya yi murmushin da ya ci sulhu sittin da shi. "Ciwon zuciya ne ya taɓa shi, irin na ɗan'uwana. Babban likita a Amman ya yi wata takwas a kansa. Ya warke sarai."

"Ciwon zuciya ba ya warkewa sarai. Na gani da idona."

"Wannan ya warke."

"Za ka dafa?"

Akif ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta, ya ajiye kusa da kofin. Ashe ya shirya.

Na kalli Baffa. Shekararsa saba'in da biyu, ya je Hajji sau biyu, goshinsa da tabon sallah. Na ga hannunsa ya tashi daga kan gwiwa ya nufi teburin, a hankali, kamar hannun wani.

Zan so in ce soyayya ce ta ɗaga ni. Wataƙila rabi. Ɗaya rabin kuwa, na ga tsoho zai sayi wuta saboda jakar ledata.

"Baffa, bari."

Maza sittin suka juyo. Ango ya yi magana.

"Zauna," in ji Baffa ta tsakanin haƙora.

"Ba ni da ciwon zuciya," na ce. "Ban taɓa yi ba. Likita goma sha ɗaya sun duba, zuciyata ta fi ta kowa a ɗakin nan lafiya, in ban da wataƙila ta Fawwaz. Tun rasuwar babana jikina yake kama ni da ciwo, ƙirji da hannu da ƙafa. Ciwon gaskiya ne, ba shirya shi nake yi ba, amma ba abin da ya lalace a ciki, kuma ba ya kisa. Yana da suna a wurin likitoci, yana da magani. Likitar da nake gani a Amman ta ƙwaƙwalwa ce. Ina samun sauƙi. Rudaina ba za ta binne ni da wuri ba, sai dai in bas ta faɗi da ni."

Ba wanda ya yi dariya. Na ji ƙarar injin sanyaya ruwa daga tsakar gida.

Sai tsohon ya karkato kai ya ce, "Me ya ce?"

Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Na ce me ya ce?"

Fawwaz ya taso, don shi mutum ne mai son taimako. Ya sunkuya a kunnen tsohon ya kware murya, irin wadda yake kiran direbobinsa da ita daga tsallaken kasuwa.

"Ya ce zuciyarsa ƙalau, Baffa! Kan ne ya taɓu! Likitan mahaukata yake gani!"

Matan cikin gida sun ji. Maƙwabta sun ji. Ina kyautata zaton Intisar ma ta ji daga unguwarsu.

Tsohon ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "La haula. Kuma ga shi da kyan tsayi."

Akif bai ɗaga murya ba, wannan na yaba masa. Ya ce, "Ustaz, na gode da ka hana dattijo rantsuwa. Da ka ce ciwon daji ne, da mun yi maka addu'a, mu raka ka da mutunci. Wannan kuwa ban san me zan yi da shi ba. Mai zuciya an san ƙarshensa. Kai yaushe naka zai ƙare? In ta haihu fa?" Ya mayar da Alƙur'anin kan kanta. "Abu Hayil, ka yi haƙuri. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Baffa ya kalli kofin. Gahawar ta daina hayaƙi. Ya tattara babbar rigarsa ya miƙe, mazanmu suka miƙe a bayansa, ba sallama mai tsawo.

A wurin takalma wani dattijo daga danginsu, wanda ban san sunansa ba, ya sunkuya kusa da ni kamar yana neman nasa. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Matar nan ta Amman, ran Talata kawai take gani?" Kafin in amsa ya zura takalmi ya wuce, bai waiwayo ba.

A waje Baffa ya tsaya a jikin mota. Idonsa ya yi ja.

"Sittin da ɗaya," ya ce. "Ka zubar mini da fuska a gaban mutanen da kakansu ya yi wa kakana kiwo. Gara da ka bar ni na dafa, tsakanina da Ubangijina ne, Shi yana yafiya. Waɗannan ba sa yi."

Ya shiga ya ja ƙofa. Mota tara suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshen da kunafa tire biyar a bayanta. Ba wanda ya tuna a wacce na zo.

*

Na kama hanya da ƙafa. Ban wuce kwanar gidan ba ciwon ya zo.

Na san sallamarsa. Ya fara da damƙar ƙirji, sannan hannun hagu ya yi nauyi, zufa ta karyo. Gwiwoyina suka saki. Na lallaɓa na zauna a kan wani dutse a jikin bangon, cikin lungun da suke ajiye tulunan gas. Yatsuna suka nufi wuyana da kansu, na dawo da su. Na ja numfashi, na riƙe, na sake a hankali.

Sama da kaina aka tura wata ƙaramar taga mai ƙarfuna. Ƙamshin albasa ya fito.

"Shi ne?" in ji Rudaina.

"Shi ne."

"In kira mota?"

"A'a. Zai wuce."

Ba na ganin fuskarta, sai yatsunta a jikin ƙarfen. Muryarta ta dushe, ta sha kuka.

"Na ji komai. Ban zaci za ka iya ba."

"Ni ma. Kin ga abin da gaskiya ta saya mana."

"Kada ka ɗora mini, Nayif."

"Ban ɗora miki ba. Ni na yi shekara tara ina ginin, ke dai kin nuna mini inda zan sa gatari."

Daga can ciki aka kira sunanta. Muryar Akif ce.

"Mutanen Fawwaz za su zo Juma'a mai zuwa," ta ce. "Yanzu Yaya ya faɗa a tsakar gida. Su za su sha gahawarsu."

"Ke fa?"

"Ni ba a ajiye kofi a gabana. Amma ni ba yarinya ba ce, ba mai ɗaura mini aure sai na ce e. In na ce a'a, zan zauna a gidan nan da Yaya ba ya mini magana, matarsa tana ƙirga lomata. Zan iya. Wallahi zan iya, in na san abin da nake jira."

"Ni kike jira."

"Wane kai? Wanda ya miƙe a zaure, ko wannan da ke ƙasa?"

"Duk mutum ɗaya ne, Rudaina. Tare ake ba da su."

Sannan kukan ya dawo, a hankali, irin na wanda ya gaji da yinsa.

"Na sani a kaina. Na karanta takardunka fiye da kai. Amma da na leƙo na gan ka zaune a ƙasa ka riƙe ƙirji, bayana ne ya amsa, ba kaina ba. Shekara shida ina ɗaga namiji. Ba ni da sauran baya, Nayif. Ka tashi. Don Allah ka tashi da ƙafarka in gani, ka taka zuwa bakin titi. Shi ke nan abin da nake roƙo. In na gani zan iya tsayawa a gaban Yaya."

"Ba ya jin umarni. Ki ba ni minti kaɗan."

"Rudaina!" Muryar ta matso.

"Ba ni da minti kaɗan. Tashi."

Na dafa bango. Na dafa dutsen. Na yi wa gwiwoyina magana a zuci, na lallashe su, na zage su, na tuna musu hoto uku da suka nuna lafiyarsu ƙalau. Na ɗaga kamar taƙi ɗaya, na koma daɓas.

Na sake. Na uku ban ko motsa ba.

Ta jira. Allah ya sani ta jira, ina jin numfashinta a saman kaina. Sannan yatsun suka saki ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, aka ja tagar a hankali, yadda ake rufe ƙofar ɗakin majinyaci.

Bayan kamar minti goma ƙirjina ya saki. Hannun ya dawo. Na miƙe tsaf, na kakkaɓe wandona, na taka zuwa bakin titi, na wuce shi, na haye gadar, na yi tafiyar kilomita huɗu har gida ba tare da na tsaya hutawa ba.

Ba wanda ya gani.